Laƙabi Yana Kashe Tambaya: Kira ga Masu Jarida da Gidajen Rediyo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon fili mu yi magana a kan wata ɗabi'a da ta zame mana jiki har mun daina ganin aibinta. Duk wanda ya buɗe baki a kan sha'anin mulki, sai an laƙaba masa suna tun kafin a ji ƙarshen maganarsa. In ya tambayi inda kuɗin wata hanya suka shiga, ɗan adawa ne. In ya yaba wani aiki, ɗan kanzagi ne, ko a ce ɗan data ne, biyan sa aka yi. Wanda ya bar gidan siyasar da ya taso a ciki, butulu ne, maci amana. Wanda ya saɓa wa ra'ayin jama'a a kan haraji, maƙiyin Arewa. In ya taɓo riga-kafi ko karatun 'ya'ya mata, ɗan koren Yahudawa. Abu na yin ƙamari sai a kai ga munafuki, daga nan kuma saura taku ɗaya a fitar da mutum daga addininsa.

Ba rashin ladabin ne ya fi damun mu ba, ko da yake shi ma abin damuwa ne. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne aikin da laƙabi yake yi, wato kashe tambaya. Da zarar an ce wane ɗan adawa ne, ba mai sake waiwayar hanyar da ya yi tambaya a kanta. Magana ta koma kan wa ya aiko shi, nawa aka ba shi, ɗan gidan wa ne. Wanda ya ci kuɗin hanyar kuwa, in har an ci, ya sha ba tare da ya ce uffan ba. Shi ya sa masu abin ɓoyewa suka fi kowa son wannan salo, kuma su ne suke kashe masa kuɗi.

Dubi abin da ya faru da ƙudurorin haraji. A watan Oktoban 2024 Shugaba Tinubu ya aika wa Majalisar Tarayya ƙudurori huɗu, kuma wanda ya fi tayar da ƙura shi ne batun rabon harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kaya da hidimar da aka saya. A tsarin da ake kai a lokacin, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 15 cikin 100, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35. Kason jihohi kuma ana raba rabinsa daidai-wa-daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 20 bisa inda aka tara kuɗin. Sabon ƙudurin ya nemi a rage na tarayya zuwa 10, a ɗaga na jihohi zuwa 55, amma kashi 60 na rabon ya bi inda kuɗin ya fito. Ya kuma nemi harajin kansa ya tashi daga kashi 7.5 zuwa 10, ya ci gaba da hawa har ya kai 15 a 2030. Gwamnonin Arewa da sarakuna suka zauna a Kaduna a ƙarshen watan suka ce ba su yarda ba.

To a nan akwai tambaya ta gaske, mai nauyi, wadda amsarta za ta shafi albashin malamin firamare a Gumel da maganin asibitin Illela. Me ake nufi da inda kuɗin ya fito? Inda hedikwatar kamfani take ta biya harajin, wanda mafi yawanci Legas ne, ko inda mai saye ya sayi kayan? In ɗan kasuwar Kantin Kwari ya sa katin waya, harajin da ke cikin kuɗinsa na Kano ne ko na Legas? Masu tsara ƙudurin sun ce inda aka yi amfani da kayan suke nufi, kuma hakan zai amfani jihohi irin su Kano. Masu suka suka ce to wa ke da bayanan da za su nuna hakan jiha-jiha, wa zai tantance su, kuma me zai faru da jihar da jama'arta ke sayen hatsi da kayan gona waɗanda dama babu VAT a kansu? Wannan muhawara ce da ta cancanci shafuka. Amma abin da mai sauraron rediyo da mai riƙe da waya suka fi ji makonni da dama shi ne sunaye. Ɗan Arewan da ya ce a tsaya a karanta ƙudurin ya zama ɗan kore, wanda ya sayar da yankinsa. Daga Kudu kuma aka riƙa kiran jihohin Arewa ci-ma-zaune, masu fasa kwalaben giya su zo karɓar harajinta. Wakilin da ya fahimci lissafin ya ga gara ya yi shiru da a ƙona masa suna a mazaɓarsa, wanda bai karanta ba kuma ya samu abin faɗa.

Ta ina aka fita? A watan Janairun 2025 gwamnonin ƙasar baki ɗaya suka kawo nasu lissafin: kashi 50 daidai-wa-daida, 30 bisa tushen kuɗin, 20 bisa yawan jama'a, kuma kada a ƙara harajin. A kan wannan turba aka daidaita, aka sa hannu a dokokin ranar 26 ga Yunin 2025, VAT ya tsaya a kashi 7.5. Ba a musun cewa hayaniyar jama'a ta sa an saurara. Amma abin da ya sauko da 60 zuwa 30 alƙaluma ne da aka ajiye a kan tebur, aka yi ciniki a kansu. Laƙabin maƙiyin Arewa bai ƙara wa kowace jiha sisin kwabo ba, sai dai ya bar mutane da yawa har yau ba su san a kan me aka yi faɗan ba.

Wannan cuta ba yau ta fara ba, kuma Kano ta fi kowa sanin ta. A shekarun 1950, lokacin da NEPU ta Malam Aminu Kano take karawa da NPC ta Sardauna, an kira 'yan NEPU marasa kunya, masu raina na gaba, har da kafirai, su ma kuma ba su rasa sunayen da suke mayarwa ba. Har ƙungiyar 'yan banga aka yi mai suna Jam'iyyar Mahaukata, aikinta far wa 'yan NEPU. Mutumin da aka riga aka ce ba shi da kunya ba shi da addini, dukansa ba ya tayar wa kowa da hankali, ɗaure shi a gaban alƙali ma bai zama abin magana ba.

Darasin da ya fi ɗaci shi ne na PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano a Jamhuriya ta Biyu, domin a nan 'yan gida ɗaya ne. Jam'iyyar ta ci Kano da Kaduna a 1979, kuma gwamnoninta biyu, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali, abin da talaka ya daɗe yana kuka a kansa. Saɓanin da ya shiga tsakaninsu da shugabannin jam'iyya yana da tushe da za a iya zama a tattauna: shin ya dace gwamnonin PRP su riƙa zama da gwamnonin UPN da na GNPP a matsayin 'yan ci-gaba, ko hakan kauce wa layin jam'iyya ne? Tambaya ce ta dabara, kuma kowane ɓangare yana da hujjarsa. Sai aka wayi gari jama'a sun kasu biyu, Santsi na gwamnonin da Taɓo na Malam, kowane gefe yana ganin ɗayan a matsayin wanda ya ci amanar talakawa. Mutanen da suka sha ɗauri tare a zamanin NEPU suka daina gaisawa. A watan Yunin 1981 majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa, jam'iyyarsa tana rabe biyu. Ranar 10 ga Yulin wannan shekara, a tarzomar da ta biyo bayan takardar tuhumar da gwamnatin Kano ta aika wa Sarki, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Malam ya rasu a watan Afrilun 1983 ba a ɗinke ɓarakar ba. Rimi ya koma NPP ya sha kaye a hannun Sabo Bakin Zuwo, Kaduna ta tafi hannun NPN, soja kuma suka kwashe kowa da kowa ranar 31 ga Disamba. Ba muna cewa sunaye biyu ne suka jawo wannan duka ba. Abin da muke cewa shi ne sun toshe hanyar komawa, domin wanda ka shekara kana kiran sa maci amana a bainar jama'a, da wane ido za ka ce wa magoya bayanka ka zauna da shi?

A yau laƙabi ya zama sana'a mai matakai, kuma ya kamata mai karatu ya san yadda ake ƙera shi. Ba a majalisar shayi yake farawa ba, ko da yake a can yake ƙarewa. Ana zaɓar kalma gajeriya, mai daɗin faɗa, wadda ta taɓa ɗaya daga cikin abubuwan da Bahaushe ba ya wasa da su: addininsa, asalinsa, amanarsa, ko mutuncin iyayensa. Sai a ba sojan baka, ya sayi mintuna a shirin siyasa na dare, ya maimaita ta sau da yawa a cikin 'yan mintunan nan. Washegari wani sojan bakan ya ɗauka a wata tasha kamar shi ma tunaninsa ne, don mai sauraro ya ɗauka kowa ma haka yake faɗa. Daga nan a yanko muryar, daƙiƙa talatin ko arba'in, a watsa a WhatsApp da Facebook da TikTok, inda 'yan data ke jira da shafuka, wani mutum ɗaya da shafi biyar. In kalmar ta kama, sai a kai wa mawaƙi ya sa ta a amshi. Da ta shiga waƙa magana ta ƙare, domin yaron da bai kai shekarun zaɓe ba ma zai rera ta a bayan motar kamfe. Matakin ƙarshe shi ne na 'yan jagaliya, waɗanda suke yaga fasta, su jefi ayari, su tare hanya. Kowace jiha da sunan da take kiran nata: 'yan daba a Kano, sara-suka a Bauchi, Kalare a Gombe, ƙauraye a Katsina. Wanda ya biya kuɗin matakin farko ba a taɓa ganin sa a na ƙarshe.

Abin takaicin shi ne su masu gidan ba su ɗauki sunayen da gaske ba. Kwankwaso da Ganduje gwamnan Kano ne da mataimakinsa daga 1999 zuwa 2003, da kuma daga 2011 zuwa 2015, hula ɗaya suke sawa kafin su raba gari a 2016. Kwankwaso ya bar PDP zuwa APC a 2013, ya koma PDP a 2018, ya tafi NNPP a 2022. Malam Shekarau a cikin shekarar 2022 kaɗai ya bar APC zuwa NNPP, ya bar NNPP zuwa PDP. Atiku ya fita PDP ya dawo fiye da sau ɗaya. Ba laifi muke ɗora musu a kan haka ba, dama siyasa ta gaji sauyin sheƙa. Amma su in sun haɗu a ɗaurin aure ko jana'iza hannu suke ba juna, gobe ma suna iya zama a inuwa ɗaya. Wanda aka bari da gaba shi ne maƙwabcin da ya zagi uban maƙwabcinsa saboda su, da yaron da aka sare wa hannu, da surukan da suka daina zumunci. Batun tallafin mai ma haka. A Janairun 2012 da litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa 141, wanda ya ce cire tallafi daidai ne ya zama maƙiyin talaka. A 2016 da ta koma 145, da yawa daga masu wancan zagi suka koma masu kare ƙarin, wanda ya yi kuka kuma ya zama mai baƙin ciki da canji. A 2023 aka sake juya riga. Shekara goma sha ɗaya ana jifan juna da suna a kan abu ɗaya, amma kaɗan ne za su iya gaya maka lita nawa ƙasar take sha a rana, alhali a kan wannan adadi aka riƙa biyan tallafin.

Inda abin yake kaiwa in ya haɗu da addini, mun gani a watan Afrilun 2011. An shafe watanni ana gaya wa mutane cewa ƙuri'a shaidar imani ce, wanda ya zaɓi wancan ɓangare munafuki ne. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na ranar 16 ga wata, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙidaya sama da mutum 800 da aka kashe cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa. An kashe Kiristoci, an kashe Musulmi da yawa a Zonkwa da kewaye a kudancin Kaduna, an kashe matasa masu yi wa ƙasa hidima a Bauchi, an ƙona gidajen 'yan siyasa Musulmi 'yan Arewa don kawai ana ganin sun mara wa PDP baya. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun ɗanɗana. A zaɓen da ya ƙare a Fabrairun 2021, maganar da ta fi yawo a kan Bazoum, ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyya mai mulki, ita ce wai ba ɗan ƙasa ba ne, duk da kotun tsarin mulki ta yi watsi da ƙarar. Aka bar tambayar shekara goma na mulkin jam'iyyarsa aka koma kan launin fata da asali, aka kuma ƙare da ƙone-ƙone a Yamai bayan bayyana sakamako.

Malamanmu sun san hukuncin wannan fiye da mu. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da miyagun sunaye ƙarara, aya ta 6 ta ce a bincika labari kafin a ɗauka, hadisi ingantacce kuma ya ce wanda ya kira ɗan'uwansa kafiri, kalmar tana komawa kan ɗayansu. Abin da ake roƙo shi ne a riƙa karanta su a lokacin kamfe, ba sai bayan zaɓe ba, kuma mai mumbari ya fara da nasa ɓangaren. Kada kuma wani ya ce ai zambo da habaici al'adarmu ce. Gaskiya ne Bakano da Bazazzagi suna tsokanar juna, haka Bafulatani da Babarbare, Bakatsine da Banufe. Amma wannan wasa yana da ƙa'ida: kowa ya yarda da shi, fuska da fuska ake yi, ana ramawa a tashi ana dariya, kuma ba wanda ya biya wani don ya yi.

Mutane da yawa suna ganin doka ce magani. Ai an riga an yi dokar. Sashe na 92 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya haramta zagi da ƙazafi da habaicin da zai iya tunzura jama'a ko ya taɓa addini da ƙabila a lokacin kamfe, ya yanke wa ɗan takara tarar da za ta kai naira miliyan 5 ko ɗaurin wata 12, jam'iyya kuma miliyan 15 a karon farko. Kundin hukunta laifuka na final kod ma ya tanadi ɗauri a kan ɓata suna. Matsalar ita ce a kan wa take sauka. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala ashirin-ashirin da sharar harabar kotu ta kwana 30 saboda sun taɓa gwamna. A ƙarshen 2022 ɗin kuma aka tsare wani ɗalibin jami'a saboda rubutu ɗaya a kan matar shugaban ƙasa. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya zama sandar dukan 'yan jarida, har kotun ECOWAS ta ce a 2022 ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, aka yi masa gyara a 2024. Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ɗaga tararta zuwa naira miliyan 5 a 2020, sai babbar kotun tarayya a Abuja ta ce a Mayun 2023 ba ta da hurumin cin tara, tunda ita ba kotu ba ce. A Mayun 2025 kuma gwamnatin Kano ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai-tsaye, abin da ya jawo suka nan take. Muna fahimtar abin da ya kai ga hakan, amma ba ma goyon baya. Gwamnati ɓangare ce a rigimar, tana da nata sojojin bakan, kuma duk ikon da aka ba ta na tantance wace kalma ce zagi, a kan masu sukarta za ta fara gwada shi, ko wace jam'iyya ce a kan kujera.

Saboda haka maganin yana teburinka, ranka ya daɗe, da ɗakin watsa shiri. Abu mafi amfani da mai tace labari zai koya shi ne mayar da laƙabi zuwa zargin da za a iya bincika. In ɗan siyasa ya ce wane ɓarawo ne, wakilinka ya tambaye shi nan take: wace kwangila, ta nawa, a wace shekara, a wace ma'aikata, wa ya sa hannu? In ya amsa, an samu labari, kuma labari mai zafi fiye da zagin. In ya kasa, babu abin bugawa. Haka butulu: wane alkawari aka yi, a gaban wa, yaushe aka saɓa? Kalmar da ba za ta iya juyewa zuwa irin wannan tambaya ba, kamar wadda ta shafi asalin mutum, ko imaninsa, ko halittarsa, ko iyayensa da matarsa, ba ta da wuri a shafi ko da a cikin baka biyu aka sa ta. A kuma kiyaye matakai uku da jaridunmu suke yawan cakuɗawa: ana zargin mutum, an gurfanar da shi a kotu, kotu ta same shi da laifi. Kowane da kalmarsa, kuma tsallake ɗaya zuwa ɗaya shi ne ɓata suna.

Kanun labari ya fi jikin labari haɗari, domin mafi yawan masu gani a waya a nan suke tsayawa. In aka rubuta "Wane maci amana ne, in ji wane", jarida ta riga ta yi wa mai zagin aikinsa kyauta, "in ji wane" ɗin ba ya wanke ta. A sa abin da ake taƙaddama a kansa a kanun, a bar wanda aka zarga ya mayar da martani a cikin labarin nan ɗin, ba bayan mako guda a lungun shafi na goma sha ba. Kowace ƙungiya a kira ta da sunan da ta zaɓa wa kanta, Kwankwasiyya ko Gandujiyya ko wanin su, ba wanda abokan hamayya suka raɗa mata ba. Rubutun da aka biya kuɗi aka buga kuwa a rubuta "talla" a samansa da manyan baƙaƙe, tare da sunan wanda ya biya.

A rediyo, shirin da ake ɗauka kafin a watsa ba shi da uzuri ko kaɗan, tunda akwai mai tacewa. Na kai-tsaye kuma ba sai an hana shi ba. Akwai na'urar jinkirta sauti da take riƙe magana daƙiƙa bakwai zuwa goma kafin ta fita, mai kula da sauti yana da maɓallin yankewa a gabansa. Sai dai na'ura ba ta gane habaici. Sojan baka gwani ba ya kama suna, zai ce mai kaza na unguwa kaza, kowa kuma ya gane. A nan aikin mai gabatarwa ne ya tsayar da shi ya ce wa kake nufi, ko dai ya kama suna ya kawo hujja, ko ya janye a cikin shirin. A rubuta wannan a takardar sayen fili, a karɓi kuɗi tun farko, a kuma bayyana cewa mintunan da aka yanke saboda zagi ba a mayar da kuɗinsu. A faɗi sunan wanda ya ɗauki nauyin fili a farko da ƙarshe. A ajiye sautin kowane shiri aƙalla wata uku don wanda aka taɓa ya samu abin kai ƙara.

Inda irin wannan tsari yake rushewa wuri biyu ne. Kuɗin siyasa ne yake riƙe da tashoshi da yawa, musamman a shekarar zaɓe, don haka tashar da ta tsaurara ita kaɗai za ta ga sojojin baka sun kwashe kuɗinsu sun koma maƙwabciyarta. Dole sai shugabannin tashoshin gari ɗaya sun sa hannu a ƙa'ida ɗaya, su da kansu, ba a ofishin kwamishina ba. Ɗaya wurin kuma shi ne son kai: a yanke na 'yan adawa a bar na masu mulki, ko akasin haka in mai tashar ɗan adawa ne. Maganinsa a riƙa rubuta duk abin da aka yanke, da ranar, da ɓangaren da ya faɗa, a kuma bayyana jimillar kowane wata don jama'a su gani da idonsu ko ma'aunin ɗaya ne.

Za a ce muna so a rufe bakin talaka, a hana shi huce takaici a kan waɗanda suka cuce shi. Akasin haka muke nema. Gwamnan da aka ce masa azzalumi zai yi dariya ya tura yaransa su rama da wadda ta fi ta. Wanda aka ce masa ga abin da kasafin kuɗi ya ware wa asibitin gari kaza, ga hoton asibitin a yau, ga sunan kamfanin da aka ba aikin, shi ne ba ya barci. Kayan aikin kuma suna nan a fili: kasafin kuɗin jihohi, rahoton mai binciken kuɗi, alƙaluman rabon arzikin ƙasa da ake fitarwa kowane wata, da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa takardar mai tambaya.

Muna ba da shawarar jaridarka ta ware rabin shafi kowane mako, a ba mutum biyu masu saɓanin ra'ayi tambayoyi iri ɗaya, kowa ya amsa da adadin kalmomi daidai da na ɗan'uwansa, da sharaɗin ba za a ambaci mutumin da ke ɗaya gefen ba sai hujjarsa. A fara da kuɗin ƙananan hukumomi. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kasonsu kai-tsaye. A tambayi shugabannin ƙananan hukumomi 44 na Kano, da 34 na Katsina, da 27 na Jigawa, nawa ne ya shigo a watan jiya, ta wane asusu ya biyo, nawa aka biya albashi, nawa ya rage, a buga amsar kowa da sunan wanda ya ƙi amsawa.

Wassalam.

Daga wasu ma'abota karanta jaridarka,
Kano.